Farin ekran ko baƙi: wanne ya fi ma ido sauƙi?

Shekaranjiya da dare muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu sai kuran ya ɗauke, unguwa ta yi duhu ɗif, kowa ya ciro salularshi. Mu bakwai ne kan tabarma amma fuskar mutum uku kaɗai nike gani, su ne masu farin ekran, hasken ya dalle musu fuska kamar an haska su da tocila, sauran kuwa baƙi suka sa, da ƙyar za ka san akwai waya a hannunsu. Nan gardama ta kaure. Ɗaya ya ce wallahi farin nan shi ke kashe ma mutane ido, ɗaya ya ce shi in ya sa baƙi rubutun rawa yake mishi har kanshi ya yi ciwo. Har aka sha na uku ba wanda ya sauka daga maganarshi.

Abin ya tsaya mini a rai saboda da ido nike cin abinci. Aikina sezi ne, ina buga ma ɗalibai memuwar da takardun neman aiki a wani ɗan shago can wajen Zengo, in lokacin sutnans, wato kare memuwar gaban malamai, ya matso sai in yi awa tara ko goma gaban kwamfuta, in na koma gida kuma ga salula. Na gwada farin, na gwada baƙin, na yi wata da watanni a kowane, kuma na karanta abin da masu binciken ido suka gano. Su biyun nan na fada duk suna da gaskiya, sai dai kowa ya kama gefe guda ne ya riƙe.

Mu ai ba baƙin abin nan ba ne. A makarantar allo baƙar tawada ce kan allo mai haske, a lakwal kuma mushe da farin alli yake rubutu kan baƙin tabulo, duk mun yi karatu da su biyun. Bambancin kawai shi ne allo da tabulo ba su fidda haske da kansu, hasken wurin ne ke faɗa musu, in gari ya yi duhu su ma sun yi duhu. Ekran kuwa fitila ne, yana harbo haske kai tsaye cikin ido ko ɗaki na da haske ko babu. Kuma zaɓin baƙin bai daɗe da zama ruwan dare ba, a 2019 ne Android 10 da iOS 13 suka shigo da shi cikin wayar gaba ɗaya, WhatsApp ya biyo a watan Maris na 2020. In wayarka da faransanci take, cikin parametir wajen affichage za ka ga an rubuta mode sombre ko thème sombre.

Bari in fara da karatu, don nan ne farin ya fi ƙarfi kuma mutane ba su son jin haka. Ɗan baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido ƙofa ce, in haske ya yi yawa sai ta tsuke, in duhu ne sai ta buɗe wangamau don ta kwashi abin da ta samu. To idan ta tsuke hoto ya fi fitowa tsaf, shi ya sa mai raunin gani ke runtse ido in zai hango abu daga nesa. Farin ekran yana sa ƙofar ta tsuke, baƙaƙe su fito da kaifinsu, baƙin ekran kuma yana sa ta buɗe, gefen baƙaƙen ya ɗan yi laushi. A 2013 masu bincike a jami'ar Dusseldorf ta Jamus sun gwada matasa da dattawa, suka ba su aikin tantance ƙananan alamomi da aikin tsince kurakurai cikin rubutu, duka rukunin biyu sun fi yin daidai da baƙin rubutu kan fari. Suka sake gwadawa suka ga duk sadda rubutu ya ƙara ƙanƙanta to ratar da farin ya ba baƙin ƙaruwa take.

Ni kaina na gani a shago tun kafin in karanta wannan. Akwai lokacin da na maida Word ɗina baƙi saboda na ji ana cewa ya fi lafiya, na buga ma wata ɗaliba memuwar shafi tamanin da wani abu, na duba sau biyu na ce ba sauran kuskure. Da aka fidda shi a takarda ta zauna nan kan benci da jan bik tana bi layi layi, ta ce Yaya dubi nan, dubi nan kuma, aksan da ya kamata ya kalli dama ya kalli hagu, waƙafi ya zama aya, duk ƙananan abubuwan da ido ke tsallakewa in gefensu bai fito ba. Tun ranar aikin gyara da fari nike yinshi.

Sai kuma masu astigmat, wato waɗanda gilashin gaban idonsu bai yi zagaye daidai ba, ya ɗan karkace kamar bayan cokali. Suna da yawa ƙwarai, wasu ma ba su san suna da shi ba. Su in ƙofar ido ta buɗe cikin duhu sai farin rubutu ya riƙa zubar da haske gefe gefe, kamar yadda kake ganin fitilar moto da dare tana da gashi gashi, ko kowane harafi ya yi kamar yana da inuwa. Abokina na fada da ya ce rubutu na mishi rawa, ba ƙarya yake ba, mai yiwuwa abin da ke damunshi kenan, kuma na ce mishi ya je a auna shi.

Amma akwai waɗanda abin ya juye musu gaba ɗaya, kuma wannan a gida na koye shi. Innata tana da yanar ido, ta fara mata a ido ɗaya. Tana son karanta azkar da Alƙur'ani a wayar da ƙanena ya aiko mata, sai kullum ta yi ta ƙorafi wai wayar hazo take mata. Wata rana bayan la'asar na zauna kusa da ita na ce Inna kawo in gani, na maida shafin baƙi rubutun fari, na ƙara girman rubutu. Ta riƙe wayar ta yi shiru, can ta ce yauwa ɗan nan, yanzu ne wasullan suka fito, Allah shi yi maka albarka. Dalili shi ne yana tana watsa haske cikin ido, kamar gilashin mota da ƙura ta rufe in rana ta doke shi, duk yawan farin da ya shiga to yawan hazon kenan, in ka rage farin sai hazon ya ragu. Tun 1985 wani mai bincike a jami'ar Minnesota ta Amurka, Gordon Legge, da abokan aikinshi suka nuna cewa masu irin wannan dusashewar cikin ido sun fi saurin karatu da farin rubutu kan baƙi. Haka masu ciwon ɓarin kai da haske ke tayar musu da shi, da yawansu baƙin ya fi musu daɗi. Sai dai baƙin ekran bai warkar da yana ba fa, aiki ne ke cire ta, kuma muna kan shirin kai ta.

To da dare fa? Nan ne mai cewa farin na kashe ido yake da hujja. Ido yana saita kanshi ne da hasken wurin da kake gaba ɗaya, ba da waya kaɗai ba. In ɗaki duhu ne ɗif kuma ga wani ɗan murabba'i fari tas a gaban hancinka, ido ya rasa wanda zai bi, ka kalli waya ya tsuke, ka ɗaga kai ya buɗe, ga ƙyalli yana sukarka, shi ne za ka ji hawaye na zuwa da nauyi a goshi. A irin wannan hali baƙin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman in hira ce ta WhatsApp ko leƙa Facebook, abin da ba dogon karatu ba. Kuma ba ka damun wanda ke kwance kusa da kai, wanda duk ya kwana a tsakar gida lokacin bazara ya san yadda waya ɗaya ke haske kowa, ga ƙwari da take jawowa su yi ta faɗo maka a fuska.

Wani abu da ya kamata masu kallon waya a kwance su sani, a 2016 lokotorin ido a Landan sun ba da labarin mata biyu da suka riƙa jin ido ɗaya ya daina gani na wasu mintoci, hankalinsu ya tashi aka yi ta gwaje gwaje. Ashe a gefe suke kwanciya cikin duhu, matashi ya rufe ido ɗaya, ɗayan kaɗai ke kallon waya, shi ya saba da haske ɗan'uwanshi ya saba da duhu, da sun aje waya sai wanda ya sha haske ya zama kamar makaho har ya dawo daidai. Ba lahani ya yi musu ba amma ka ga irin wahalar da ake ba ido. In dai za ka duba to da ido biyu, kuma ka rage haske.

Maganar barci ita ce ta fi rikitarwa don an cika ta da talla. Gaskiya ne jiki yana fidda wani sinadari da ake ce ma melatonin in duhu ya yi, shi ke sanar da jiki dare ya yi, kuma haske, musamman mai shuɗi shuɗi, yana jinkirta shi. A ƙarshen 2014 masu bincike a Boston sun sa mutum 12 karatu a iPad awa huɗu kafin barci dare biyar a jere, suka kwatanta da karatun littafi na takarda, masu iPad sun ƙara kusan minti 10 kafin barci ya ɗauke su, melatonin ɗinsu ya ragu, da safe kuma sun fi jin kasala. Amma ka lura awa huɗu ne kuma hasken a ƙure yake. Baƙin ekran yana rage yawan hasken da ke shiga ido, wannan kam haka ne, to sai dai kar ka ɗauka shi ke nan ka tsira. A 2021 jami'ar Brigham Young ta gwada matasa 167, wasu suka yi amfani da iPhone da tsarin nan mai maida haske ruwan ɗorawa da dare, wasu ba tare da shi ba, wasu ba waya sam kafin barci, ba a ga tsarin ya gyara barcin masu amfani da shi ba. Ni abin da na fahimta, kuma na gani a kaina, ba launi ne ke hana ni barci ba, bidiyon da ke bin bidiyo ne da gardamar gurup da ba ta ƙarewa. Wanda zai tashi asuba ya yi ƙarfe ɗaya yana latsa waya, ko wane launi ya sa zai ji a jikinshi.

Da rana a waje kuwa ba ma gardama. A ma'aunin haske da ake ce ma luks, hasken tsakar rana yakan kai 100,000, ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya da wuya ya wuce ɗari biyu ko uku, ka ga ratar. Ka tsaya bakin Kasuwar Dole ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ka buɗe saƙo a baƙin ekran, fuskarka da hularka kawai za ka gani don gilashin ya zama madubi, sai ka yi ta kare shi da tafin hannu kana neman inuwa. Ɗan kabu-kabu da ke duba lambar kiliya, ɗan kasuwa da ke duba saƙon kuɗi kar ya karanta 5,000 a matsayin 50,000, su fari ya kamace su da rana kuma hasken a sama.

Batir kuma, tunda shi ne rabin dalilin da ya sa samari ke sa baƙi a garin da kuran ke zuwa yana tafiya, ya danganta da irin ekran ɗinka. Mai LCD akwai fitila a bayanshi da ke kunne koyaushe, baƙin da kake gani rufe ta kawai aka yi, don haka ba abin da ka rage, kuma yawancin ƙananan Itel da Tecno da muke riƙewa irinshi ne. Mai OLED ko AMOLED kowane ɗigo shi ke ba da haskenshi, in baƙi ne sai ya mutu, shi ne ake samun ragi. Jami'ar Purdue ta auna a 2021, in hasken waya na tsakanin kashi 30 zuwa 50 ragin kashi 3 zuwa 9 ne kacal, sai in hasken na ƙure ne yake kai kashi 39 zuwa 47. In kana son sanin naka, shiga ɗaki mai duhu ka buɗe hoto baƙi ƙirin, in ka ga yana ɗan toka toka yana haske to LCD ne. Wasu masu OLED kuma in sun rage haske can ƙasa sukan ji ciwon kai, saboda ekran ɗin yana kunnawa yana kashewa ne da saurin da ido bai gani, amma wasu mutane jikinsu na ji.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda ba fari ba baƙi da ke maganinshi. Yawancin abin da muke kira waya ta ɓata mini ido bushewa ce da gajiya. Mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 a minti, in ya ƙura ma ekran sai ya koma sau 5 zuwa 7, kuma kowace ƙiftawa ita ke shafa ma ido ɗan ruwan da ke kare shi. To ka haɗa wannan da garinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta bushe komi, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, ƙura ta rufe gari har ba ka hango duwatsun Birni da kyau, kai kuma ka buɗe ido ba ƙiftawa, bazara ta zo ka kunna fanka tana hura maka fuska kai tsaye. Shi ne za ka ji kamar an zuba maka rairayi, ido ya yi ja, yana raɗaɗi, wani lokaci ma ya yi ta hawaye ka ce ai ba bushewa ba ce, alhali ita ce, ido ne ke neman ceton kanshi. Ga kuma naman cikin ido da ke lanƙwasa don ganin abu na kusa, awa da awanni yana ɗaure bai huta ba, ka ɗaga kai ka ga bakin titi dishi dishi. Na sha wannan sosai shekarar da na fara sezi, na canza launi ya fi sau nawa ban ji sauƙi ba, sai da na juya fanka ta daina kallon fuskata, na sauke ekran ya koma ƙasa da ido kaɗan, na ja shi nesa kamar tsawon hannu, na kuma kama ƙa'idar da lokotorin ido ke bayarwa, duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na sakan 20. Ni bishiyar dalbejiya ce a tsallaken hanya, ita nike kallo in ƙifta ido da gangan sau da yawa sannan in koma.

Tabarau ɗin nan da ake tallarsu wai suna tare shuɗin haske, kar ka zuba jikkunanka a kai don maganin gajiyar ido. A 2023 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje gwaje 17 ba ta ga sun rage gajiyar ido ba, ƙungiyar lokotorin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensu, ta kuma ce ba hujjar cewa shuɗin hasken waya na lalata ido. Kuɗin gara ka kai su wajen awon ido. Wanda ya haura shekara 40 ya ga yana miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙo, wannan shekaru ne, lunet na karatu yake buƙata da ƙarin girman rubutu, ba canjin launi ba.

Yara kuma ban ga amfanin tsayawa kan launi ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce tun 2019 ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban ekran, ɗan 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a yini, kuma wasa a waje cikin hasken rana yana rage ma yaro haɗarin zama mai ganin kusa kawai.

Ni dai ga yadda na tsaya. Kwamfutar shago fari ce, amma ba a ƙure ba, nakan ɗauki farar takarda in riƙe kusa da ekran, in ekran ya fi ta haske sosai in rage, in ya fi ta duhu in ƙara, har su yi kusa da juna. Salula kuma na saita ta tana komawa baƙi da kanta da faɗuwar rana ta dawo fari da safe, yawancin wayoyi suna da wannan, ko ka sa awa da hannunka, misali daga 19:00 zuwa 6:30. In dogon karatu ya kama ni da dare, PDF ko darasi, ba na yinshi cikin duhu, sai in kunna 'yar fitilar sola a gefe in maida shafin fari ko ruwan ƙasa ƙasa in rage haske. Kai ma ka gwada naka, kwana uku a wannan kwana uku a wancan, rubutu iri ɗaya lokaci ɗaya, ka lura wanne ke sa ka runtse ido ko ka matso da waya kusa da hanci, wannan shi ne bai dace da kai ba ko da duk fada shi suka sa.

Amma in ido ɗaya ya rage gani farat ɗaya, ko kana jin zogi mai tsanani da jan ido da tashin zuciya, ko kana ganin zobe mai launi kewaye da fitila, ko kana da ciwon suga ko akwai hawan jinin ido a danginku, wannan ya wuce maganar parametir. Ka tafi sashen ido na asibiti a duba ka, kuma don Allah kar ka sayi maganin ɗigawa a tebur ka zuba, wasu akwai kortizon, maganin rage kumburi, a ciki, in aka daɗe ana sa shi yana iya tada hawan jinin ido ya kuma jawo yana.